Yadda Ake Shirya Wasan Kwaikwayo na Unguwa a Kan Sauyin Al'adun Gida

Akwai maganganun da ba sa faɗuwa a tsakar gida. Ɗa ba zai dubi tsabar idon mahaifinsa ya ce ya gaji da zaman gandu, yana so ya ware tukunyarsa ba. Matar ɗa ba za ta buɗe baki a gaban surukarta ta ce girkin mutum ashirin ya fi ƙarfinta ba. Ita ma uwar ba za ta zaunar da ɗanta na fari ta gaya masa tana fargabar ranar da zai kwashe iyalinsa ya bar mata ɗakuna wayam ba, tunda ko sunansa ba ta kamawa. Kunya ta ɗaure bakin kowa, abin kuwa yana nan yana cin mutane a ciki, har wata rana ya fashe a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kamar kuɗin cefane ko faɗan yara.

Shekaru ke nan ina shirya wasan kwaikwayo da matasan unguwa, kuma abin da ya riƙe ni a kai shi ne, idan aka ɗora irin waɗannan maganganu a bakin wasu mutane a dandali, uba da ɗa suna iya zama a fili ɗaya su saurara ba tare da an zubar da girman kowa ba. Sai dai hakan ba ya samuwa da garaje. Wasan da aka haɗa cikin kwana uku yakan mai da tsoho abin dariya, ko ya mai da yaro fitsararre, a watse kowa ya ƙara ƙanƙame abin da ya zo da shi.

Kada wani ya ce maka baƙon abu ka kawo. Daga goma ga watan azumi yara ke fita tashe, kuma a cikin tashen 'yan mata akwai wanda ake kwaikwayon zaman aure, ana koya wa amarya yadda ake zama da miji. 'Yan kama sun daɗe suna kwaikwayon malamai suna ba mutane dariya. A gidajen sarauta an yi wasan gauta, inda matan cikin gida ke kwaikwayon sarki da fadawansa, ya ga halinsa da idonsa. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tun tsakiyar shekarun 1970, malamai irin su Michael Etherton da Brian Crow, da kuma Salihu Bappa da Oga Steve Abah, sun riƙa fita da ɗalibai cikin Samaru da ƙauyuka. A 1977 aka yi Wasan Manoma a ƙasar Soba, daga baya aka je Maska da Bomo. Darasin da suka samo a wannan tafiya shi ne tushen abin da zan faɗa: da farko ɗalibai ne ke shirya wasa su kai wa mutanen ƙauye, sannu a hankali suka gane cewa wasan da ke kama jiki shi ne wanda aka gina tare da masu matsalar. A Nijar ma ƙungiyoyin samariya na zamanin Seyni Kountché sun yi wasanni da yawa da Hausa, kuma har yau ana tuna Yazi Dogo da 'yan wasan Damagaram.

Mataki na farko: mutane da izini

Ka nemi mutum goma zuwa goma sha biyar, kada su zama duk sa'anninka. Ƙungiyar da duk samari ne za ta haifar da wasan samari, wanda dattijo zai gane tun daga fitowar farko cewa ba a yi shawara da irinsa ba. Ka yi ƙoƙari ka samu aƙalla dattijo ɗaya da dattijuwa ɗaya, ko da ba za su hau dandamali ba, su riƙa zama a wurin gwaji suna cewa "ba haka ake faɗa ba". Tsohon malamin firamare da ya yi ritaya da ungozomar unguwa sun fi kowa amfani a nan, domin babu gidan da ba su shiga ba.

Kafin ka tara kowa a fili, je ka gai da mai unguwa, ka yi masa bayani da bakinka. A ƙauye dagaci ne, wani lokaci shi zai tura ka wurin hakimi. Ka je wurin limami ma. Kada ka tafi da takarda kawai ka ajiye, ka zauna ka ba su labarin, ka gayyace su gwaji. Idan 'yan mata za su fito, izinin iyayensu ya zama an nema a zaure, babba ya je da kansa, matar aure kuma sai da yardar mijinta. Idan taron zai yi girma, a sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da 'yan sintirin unguwa, da Hisba a jihohin da take aiki. Wannan zirga-zirga takan ci mako biyu, kuma ban taɓa nadamar ta ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Mataki na biyu: fita sauraro

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Mutum yakan ce ai a unguwar aka haife shi, ya san komai. Abin da ka sani shi ne abin da ake faɗa a majalisarku. Ba ka san abin da ake faɗa a wurin kitso ba, ko a layin injin niƙa, ko a gidan suna bayan maza sun watse.

Ka raba mutanenka biyu-biyu, maza wurin maza, mata wurin mata, su yi mako biyu suna hira da jama'a. Majalisar dattawa bayan La'asar, teburin mai shayi, tashar 'yan acaɓa, makarantar Islamiyya ta matan aure, ɗakin tsohuwar da ba ta fita. Kada a tafi da takardar tambayoyi, kada a kunna wayar ɗaukar murya, mutane suna ganin haka za su koma ba ka amsar da suke zaton kana so. Kuma kada a tambayi mutum ra'ayinsa a kan "sauyin zamani", wa'azi zai yi maka. A tambaye shi abin da ya faru. Inna, lokacin da aka kawo ki gidan nan, mutum nawa ke cin tukunya ɗaya? Wa ke fitar da hatsi daga rumbu? Da kika haihu na fari, wata nawa kika yi a gida? Baba, ranar da kuka yi wa kanku aiki a gayauna, wace rana ce a mako? Me ya sa kuka bar gandun? Ga matasa kuma a tambayi abin da suke ɓoyewa: kuɗin hayar ɗaki, bashin lefe, wanda ke biyan kuɗin makarantar ƙanne.

Kowace yamma a haɗu, kowa ya zazzage abin da ya jiyo, mutum ɗaya yana rubutawa. Abin da za a fi kiyayewa shi ne ainihin kalmomin mutane. Idan tsohuwa ta ce "yanzu jikokina sai a waya nake ganinsu", a rubuta shi haka, domin babu marubucin da zai ƙago jumlar da ta fi wannan.

A nan akwai amana, kuma na taɓa yin sakaci da ita. A wani wasa da muka yi tun da wuri, mun ɗauki labarin wani gida kusan yadda yake, muka sauya sunaye kawai, muna ganin ya isa. Bai isa ba. Sana'ar maigidan da yawan matansa suka tona shi, kafin a kai rabin wasa an fara juyawa ana kallon inda 'ya'yansa ke zaune. Sai da muka ɗauki manya muka je ba da haƙuri, kuma har yau ina jin nauyin abin. Tun daga nan doka ce a wurina: kowane mutum a cikin wasa sai an haɗa shi daga gidaje uku ko huɗu, a sauya sana'a, a sauya yawan 'ya'ya, a cire duk wata alama da za ta sa a nuna ƙofar wani.

Mataki na uku: ɗaukar magana guda

Za ku dawo da kaya fiye da abin da wasa ɗaya zai ɗauka. Tsadar lefe da kayan ɗaki da gara. Bukukuwan da suka ƙaru a kan kamu da sa lalle da buɗar kai. Wankan jego da saɓanin da ke tsakanin kaka da ma'aikaciyar asibiti. Riƙon 'ya'yan dangi da ya ja baya. Zance da ya tashi daga zaure ya koma waya. Auren zumunci da gwajin jini kafin aure, gwajin da a Kano ya zama doka tun 2024. Duk suna da nauyi, amma ɗaya za ku ɗauka. Wasan da ya kwaso biyar ya zama kasuwa.

Ku zaɓi wadda ta fi maimaituwa a bakin mutane, wadda kuma ɓangarorin biyu ke da hujja a kanta. Idan kun ɗauki abin da ya shafi lafiya, kamar gwajin jini, to ku tabbatar da gaskiyar abin da za ku faɗa. Idan miji da mata duka rukunin jininsu na gado AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila, ba wai ɗa na huɗu ne zai zo da ita ba, kamar yadda wasu ke ɗauka. Irin wannan kuskure idan ya fito daga dandamali yakan zauna a kan mutane, don haka a nemi ma'aikacin lafiya ya saurari gwaji. Haka duk aya ko hadisin da za a kawo, malami ya duba lafazinsa da wurin da aka sa shi.

Zan yi misali da raba tukunya, domin shi na fi yi.

Mataki na huɗu: gina labarin

Ba na fara da rubutu. Muna zama a da'ira mu gina gidan tukuna. Malam manomi ne, gonar da ya gada ta ragu, an raba gado, an kuma yanka wani ɓangare filaye. Inna uwargida ce, ita ke raba abinci tun shekaru talatin. Babban ɗansu yana da shagon gyaran waya a cikin gari, kuma kuɗinsa ne ke riƙe cefanen gidan, ko da yake ba a faɗa. Matarsa tana karatu a kwalejin ilimi, ranar girkinta tana cin karo da ranar makaranta. Ƙanensa ya yi aure bara, ba shi da tsayayyar sana'a, idan aka raba tukunya shi zai fara jin yunwa. Akwai goggo mai zuwa ganin gida, akwai jika ɗan shekara goma sha biyu.

Daga nan sai a tsara fitowa shida ko bakwai, kowace da abu ɗaya da zai faru a cikinta. A fara da gidan yana cikin daɗinsa, ana daka, ana raba tuwo a kwanuka, yara suna kai wa zaure. Wannan fitowa tana da muhimmanci ƙwarai: idan 'yan kallo ba su ga abin da za a rasa ba, ba za su gane kukan Inna ba. Sannan ƙaramin abu ya faru, matar ɗa ta makara a makaranta, tuwon dare bai sauka ba sai bayan Isha'i, Malam ya yi baƙi. Sannan mata da miji a ɗaki. Sannan ɗan ya je wurin kawunsa ko aminin mahaifinsa, tunda ba zai iya tunkarar uban kai tsaye ba. Haka har maganar ta isa zaure.

Ga gwajin da nake yi wa kowane labari. Ina tambayar kowane ɗan wasa, a wace fitowa ce mutuminka yake da gaskiya? Idan akwai wanda ya rasa amsa, labarin bai nuna ba. Malam yana da gaskiya idan ya ce tukunya ɗaya ce ta ciyar da marayun ƙanensa ba tare da sun san su marayu ba ne. Ɗan yana da gaskiya idan ya ce a gandun da gona ce ke ciyar da kowa, yanzu kuwa aljihun mutum ɗaya ne. Matarsa tana da gaskiya idan ta ce surukarta da kanta ce ke faɗa wa maƙwabta da alfahari cewa matar ɗanta za ta zama malama. Har karin magana kowa yana da tasa: uba ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ɗa kuma ya faɗa wa kawunsa a hankali cewa zo mu zauna, zo mu saɓa.

Jarabar da ta fi kowace ƙarfi ita ce muguwar suruka. Tana kawo dariya nan take, 'yan wasa suna son ta, samari suna tafi. Mun taɓa yin ta, fili ya ɗauki shewa, na koma gida ina murna. Kashegari wata dattijuwa da nake girmamawa ta aiko aka kira ni, ta tambaye ni ko haka nake ganin uwata. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ma an kawo ta gidan miji tana yarinya, ta yi wa mutum talatin daka da hannu, yau kuma an tara gari ana yi wa irinta dariya. Daga ranar na daina. Suruka tana iya yin faɗa a wasana, tana iya yin kuskure, amma sai an ga dalilinta.

Dariya dai dole ce, kuma al'ada ta riga ta ba mu ƙofarta: wasan jika da kaka, da wasan taubasai. Jika yana iya faɗa wa kakarsa abin da duk gidan ba mai iyawa, ba kuma wanda zai ce ya yi rashin kunya. A namu wasan, bayan Inna ta ji labarin ɗanta yana so ya ware tukunyarsa, jikan ya same ta a bakin murhu:

"Ke tsohuwa, kukan me kike yi? Ba ke ce kullum kike cewa hayaniyarmu ta hana ki barcin rana ba?"

"Tafi can, ja'iri. Wa ya ce maka kuka nake? Hayaƙi ne."

"Hayaƙin murhun da tun hantsi ba a hura ba?"

A nan mutane sukan yi dariya, sannan su yi tsit. Wannan shirun nake nema.

A kula da yadda mutane ke kiran juna, domin nan ne 'yan kallo ke gane ko kun san gida. Inna ba za ta kira ɗan farinta da sunansa ba, sai ta ce "yaron nan" ko ta yi masa laƙabi. Matar ɗa za ta durƙusa ta gai da surukanta, ba ta kama sunansu, idan ɗanta ya ci sunan kakansa sai ta kira shi Abba ko Baba. Ɗa a gaban uba kansa a ƙasa yake, ko da maganar da ke bakinsa mai zafi ce. Wani lokaci sauyin da kuke son nunawa yana cikin wannan kiran kansa: matar ƙanen, wadda ta fi ƙuruciya, ta kira mijinta da sunansa a tsakar gida, goggo ta ɗago kai ta dube ta. Ba sai an ƙara ko kalma ba.

Sai bayan an gwada kowace fitowa da baki sau da yawa nake rubuta ta, kuma abin da nake rubutawa shi ne farkon magana, ƙarshenta, da jumlolin da ba a so a rasa. Wannan ya ba wanda bai iya karatun boko ba damar shiga, kuma sau da yawa irinsu ne gwanayen.

Mataki na biyar: raba matsayi da gwaji

Kada a ba mutum matsayin da ya yi kama da rayuwarsa sosai. Matar da ke cikin rigima da surukarta a gaske, kada a sa ta fito a matar ɗa. Miji da mata na gaskiya kuma kada a sa su a fitowar da za a furta saki, domin hadisi ya zo cewa aure da saki da kome, gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne. Babu taɓa jiki tsakanin namiji da mace, kuma wasan ba ya rasa komai da hakan, tunda a gidajenmu ma tazarar da ke tsakanin mutane tana magana. Inda ba a samu mata ba, samari suna iya ɗaura zane su fito, kamar yadda aka saba a makarantun kwana na maza, amma ka sani da zarar namiji ya fito a Inna, dariya za ta rinjayi tausayi. A wasa irin wannan na fi son a yi haƙuri a nemo mata.

Gwaji sau uku a mako, na awa ɗaya da rabi, tsawon mako biyar ko shida. Makon farko da na biyu a gina fitowa, na uku da na huɗu a haɗa su, sauran a yi wasan daga farko har ƙarshe ba tsayawa. A yi gwajin mata da rana, a wurin da iyaye suka sani, a tashi kafin Magariba. Abu uku nake nanatawa har su gaji da ni: ɗaga murya ba tare da ihu ba, kada a juya wa 'yan kallo baya ana magana, kuma idan aka yi dariya a dakata ta lafa kafin a ci gaba. Mai fitowa a tsoho ya je ya zauna kusa da tsofaffi ya ga yadda suke tashi daga tabarma, yadda suke jan carbi suna sauraro. Tsoho ba rawar murya da sanda ba ne kawai. Kowane babban matsayi a tanadar masa mutum na biyu, saboda rashin lafiya da tafiya ba sa sallama.

Mako guda kafin ranar, a yi wasan gaba ɗaya a gaban mutum kamar goma: wakilin mai unguwa, malami, dattawan da suka ba ku labari. Abin da suka ce a cire, a saurara da kyau. Ba kowane za ka bi ba, amma wanda mutum uku suka yi tsaki a kansa, akwai matsala a wurin.

Mataki na shida: fili, kaya da lokaci

Filin makarantar firamare ko ƙofar gidan mai unguwa sun isa. A kafa zana biyu ko a rataya labule a matsayin bangon gida, gefe ɗaya zaure, gefe ɗaya tsakar gida. Turmi da taɓarya, murhu, tabarma, buta, kwanuka, faifai, duk aro za a yi. Babbar tukunya ɗaya a tsakiya, wadda kowa zai gani tun daga nesa, ita ce zuciyar wasan. A fitowar ƙarshe idan aka shigo da ƙaramin risho aka ajiye kusa da ita, an gama bayani.

'Yan kallo su zauna kamar rabin da'ira, yara a gaba kan tabarma, dattawa a kujeru, mata gefe guda da hanyar shigarsu daban. Rana ta kasance a bayan 'yan kallo, tana haska fuskar 'yan wasa. Idan za a yi amfani da lasifika, a ajiye janareto can nesa da doguwar waya, a kuma gwada komai tun da hantsi. Taron da bai wuce mutum ɗari biyu ba, murya kaɗai tana iya ɗaukarsa idan an horar da ita.

Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka, an kai amfani gida, ruwa ya ɗauke. A fara da zarar an sauko daga sallar La'asar. Wasan kada ya wuce minti arba'in, domin ana buƙatar wani minti arba'in ɗin na tattaunawa kafin kiran Magariba. A guji ranar kasuwa, ranar ɗaurin aure a unguwa, da lokacin jarrabawa. Sanarwa kuwa, mai shela da limamai da zaurukan WhatsApp na unguwa sun wadatar.

Kuɗin hayar kujeru, lasifika, man janareto da ruwan sha, a yi karo-karo, a nemi gudummawar 'yan kasuwar unguwa, a rubuta kowace naira a karanta wa ƙungiya. Ina ba da shawara a guji kuɗin ɗan takara. Ranar da hotonsa ya hau labulenku, rabin unguwa ta daina jin abin da kuke faɗa.

Mataki na bakwai: ranar wasa

A buɗe da addu'a, mai unguwa ya yi magana gajeriya, sannan mai gabatarwa ya faɗa a fili cewa wannan gida ƙirƙirarre ne, ba na kowa ba ne. A sa mutum huɗu su kula da yara, domin su ne ke matsowa har su cinye dandamali.

Ba na rufe labarin. A fitowar ƙarshe an taru a zaure, kawu ya isar da saƙo, Malam ya yi shiru, ɗan yana durƙushe, Inna tana bayan labule tana ji. A nan mai gabatarwa zai shigo ya tsai da wasa, ya juya wurin jama'a ya ce, "To, iyayenmu da 'yan'uwa, ga gida ya kawo muku ƙara. Me Malam zai ce?" Wannan salo na tsai da wasa a jawo 'yan kallo ciki an fi danganta shi da Augusto Boal na ƙasar Birazil, amma ya zauna daidai da yadda muke sulhu a zaure, inda kowa ke kawo tasa kafin babba ya yanke.

Mai gabatarwan nan ya fi kowane ɗan wasa muhimmanci. Ya zama mutum mai haƙuri, wanda ake jin nauyinsa, wanda ba zai ɗora nasa ra'ayi ba. Ya fara ba dattijo dama, sannan saurayi, sannan ya aika makirufo ɓangaren mata, ya jira ko da an yi jinkiri. Idan wani ya fara kawo sunan gidan wani, ya tare shi cikin ladabi ya mai da shi kan gidan Malam. Idan aka kawo shawara mai ma'ana, misali a raba tukunyar rana a bar ta dare, ko ɗan ya gina sashensa a bayan gida maimakon ya tafi haya, ko a ɗauki mai taya girki, sai 'yan wasa su koma su gwada ta nan take, kowa yana riƙe da halinsa. Sau da yawa shawarar da ta yi daɗi a baki takan karye a dandamali, ƙanen ya tambaya, "To ni da iyalina da rana me za mu ci?" Sai a koma wurin jama'a. Mutum biyu daga cikinku su zauna suna rubuta duk abin da aka faɗa.

Wasan mata, da maganar waya

Yawancin waɗanda abin ya fi shafa ba za su zo fili ba, waɗanda suka zo ma ba za su yi magana a gaban surukansu maza ba. Saboda haka a sake yin wasan a cikin wani babban gida ko harabar Islamiyya, da hantsi bayan an sallami yara makaranta, mace ce za ta jagoranci tattaunawa, mazan da ke cikin wasan su fita da zarar sun gama. Maganar da ake yi a wannan zama takan fi ta fili zurfi nesa ba kusa ba. A nan ne na ji labarin wata suruka ta ce ita ba girkin take so ba, sallamar da ake yi mata da safe take tsoron rasawa.

Waya kuma sai an yi mata shiri tun kafin ranar. Za a ɗauka, ko kun so ko ba ku so ba, kuma minti ɗaya da aka yanko aka ɗora a TikTok ko Facebook yana iya nuna yarinya tana mayar wa suruka magana ba tare da abin da ya gabata ba. A gaya wa 'yan wasa da iyayensu wannan tun farko, a roƙi jama'a kada su ɗauki lokacin tattaunawa, a wasan mata kuwa a hana ɗauka gaba ɗaya. Idan ƙungiya tana son ta ɗauki wasan ta fitar da shi a matsayin fim, ta fara bincika ƙa'idar jiharta. A Kano akwai Hukumar Tace Finafinai, wadda aka kafa a 2001.

Kashegari a mayar da kayan aro tun da safe, a share fili, a zaga a yi godiya gida-gida, har da tsofaffin da suka ba da labarinsu. Bayan kwana uku ƙungiya ta zauna da littafin da aka rubuta maganganun jama'a, a karanta shi daga farko, a gyara fitowar da ba ta kama ba, a kai wa mai unguwa da limami abin da mutane suka faɗa, sannan a sa ranar kai wasan unguwa ta gaba.